Littafin da Aka Laƙaba wa Shaiɗan

Masu kallo, ku ƙura wa wannan zanen ido. Fuska koriya, ƙahoni biyu jajaye, harsuna biyu sun zaro daga baki. Ya tsuguna ya ɗaga hannaye sama, kowane hannu yatsu huɗu da farata zaƙo-zaƙo. Ba kaya a jikinsa sai ɗan bante fari mai ɗigo-ɗigo, kuma banten nan ba na banza ba ne: fatar wata ƙaramar dabba ce da sarakunan Turai ke ado da ita. Wato mai zanen yana nuna mana cewa wannan sarki ne, sarkin duhu.

Tsawon zanen ya kai wajen santimita 50, shi kaɗai a shafi guda. Littafin da ke ɗauke da shi sunansa Codex Gigas, amma an fi saninsa da Baibul ɗin Shaiɗan. An rubuta shi da Latin a farkon ƙarni na 13 a yankin Bohemiya, cikin Jamhuriyar Cek ta yau. Tsawonsa santimita 92, ganyensa 310 duk na fata, nauyinsa kusan kilo 75, wato buhun siminti ɗaya da rabi.

To me ya kawo Shaiɗan cikin littafin addini?

Almarar da ake bayarwa ita ce, wani ɗan zuhudu, wato Kiristan da ya keɓe kansa don ibada, ya yi babban laifi aka yanke masa hukuncin a gine shi da rai cikin bango. Sai ya roƙi a ba shi dare ɗaya, zai rubuta littafin da ya tattara ilimin duniya kaf. Dare ya tsala, ya ga aiki ya fi ƙarfinsa, sai ya nemi agajin Iblis a bakin ransa, ya zana shi a ciki don godiya. Labari ne mai daɗin ji, sai dai masanan da suka binciki rubutun sun ce lalle hannu ɗaya ne ya yi shi daga farko har ƙarshe, amma aikin shekaru ne, ƙila ashirin ko fiye.

Amsar tana shafin da ke fuskantar Shaiɗan ɗin, wanda masu yaɗa hoton a intanet ba su cika nunawa ba. A can an zana Birnin Sama, da ganuwa da hasumiyoyi hawa-hawa. Idan aka buɗe littafin, ido yana ganin su biyun lokaci guda: aljanna a hagu, Shaiɗan a dama. Kafin ka iso nan, za ka wuce doguwar addu'ar iƙirarin zunubi. Da ka juya shafin kuma, sai addu'o'in korar miyagun ruhohi da cututtuka. A ganina, wanda ya tsara shafukan nan haka ba yabon Shaiɗan yake yi ba, wa'azi yake yi da hoto, yana razana mai karatu ya tuba. Ku lura ma, an killace shi tsakanin hasumiya biyu, ba kowa tare da shi.

Sauran littafin kuwa, ban da Baibul akwai tarihin Yahudawa na Josephus, da littattafan likitanci, da tarihin Bohemiya, da kalanda.

Wasu na cewa shafukan da ke kusa da zanen sun yi duhu ne saboda sharrin da ke ciki. Haske ne kawai. Fata tana dafewa idan ta daɗe tana shan haske, kuma ɗaruruwan shekaru duk wanda aka buɗe wa littafin, wannan shafin yake son gani.

Littafin ya sha yawo. A 1594 Sarki Rudolf na Biyu ya sa aka kai masa shi Firag, babban birnin Bohemiya, da sunan aro, bai mayar ba. A 1648, ƙarshen Yaƙin Shekara Talatin, sojojin Siwidin suka kwashe shi ganima zuwa Sitokhom. Da gobara ta tashi a fadar sarkin Siwidin a 1697, an ruwaito cewa ta taga aka wurgo shi don a tsirar da shi. A 2007 ya koma Firag, bayan shekara 359, amma aro aka ba mutanen Cek na 'yan watanni. Yanzu yana Ɗakin Karatu na Ƙasa na Siwidin, kuma an ɗora hotunan shafukansa duka a intanet.