Me Ya Sa Lissafinka Ke Tafiyar Hawainiya a Kwamfuta?

Barkanmu da warhaka. Ka rubuta lissafinka a MATLAB, ko Mathematica, ko Octave, ko Python, ka gwada shi da ƙananan lambobi ya fito nan take. Da ka ba shi ainihin aikin, sai fanka ta fara ƙara, linzami ya daina motsi, minti 20 shiru. Abin da ya fara zuwa ran mutane a nan shi ne kwamfutar ta tsufa, a sayi sabuwa. Dakata tukuna. Sau da yawa ciwon yana cikin yadda aka miƙa wa manhajar lissafin, kuma kwamfutar da kanta za ta nuna maka inda yake idan ka san wurin dubawa.

Yayin da lissafin ke gudana, danna Ctrl da Shift da Esc a Windows, Task Manager zai buɗe, ka shiga shafin Performance. A Linux, htop na yin wannan aikin. Abu uku za ka sa wa ido: firosesa, RAM, da faifai.

Mu fara da hoto na farko da za ka iya gani a allo. RAM ta haura kashi 95, faifai yana kashi 100, firosesa kuwa kusan yana hutawa. Wannan kwamfutar ba lissafi take yi ba, jigila take yi. RAM ta cika, tsarin ya koma kwashe bayanai yana zubawa a faifai yana sake ɗebowa, kuma ko SSD mafi sauri ba ta kusa da RAM. Shi ya sa komai ya tsaya cak, har linzami.

Wannan matsalar ana iya hango ta da biro da takarda tun kafin a danna komai. Kowace lamba mai ɗigo, irin wadda MATLAB da NumPy ke amfani da ita idan ba ka ce komai ba, tana cin bait 8. Matriks, wato teburin lambobi, mai layi 10,000 da ginshiƙi 10,000 yana da lambobi miliyan 100, wato megabait 800. Kai shi 30,000 sau 30,000, ya zama gigabait 7.2. Za ka ce ai ina da gigabait 16, akwai wuri. To, idan ka ce a warware A x daidai da b, manhajar za ta yi kwafin A ta yi aiki a kansa don kada ta ɓata naka na asali. Ga 14.4 nan, ba a ma lissafa Windows da burauzar da ka bari a buɗe ba. Riƙe wannan ma'aunin: ka ninka girman matriks sau 2, wurin da yake ci ya ninku sau 4, lokacin warware shi kuma sau 8. Aikin da ya ɗauki minti 1 a 5,000 zai nemi fiye da awa 1 a 20,000.

Sai ka tambayi kanka: lambobin nan nawa ne daga cikinsu sifili? A lissafin yaɗuwar zafi, ko jijjigar ƙarfe, ko hanyoyin sadarwa, kusan duka sifili ne. Ɗauki matriks mai layi 100,000 wanda kowane layi lambobi 3 kacal ne ba sifili ba. A ajiye shi cikakke, gigabait 80. A ajiye lambobi 300,000 ɗin nan kaɗai tare da adireshinsu, bai kai megabait 6 ba. Umarnin sparse da spdiags a MATLAB, da scipy.sparse a Python, aikinsu ke nan. Amma kula da wannan tarkon: kada ka gina cikakken da zeros sannan ka mai da shi sparse, domin kafin ka kai layi na biyu RAM ta riga ta ƙare. Tun daga tushe ake gina shi a haka. Kuma kada ka nemi kishiyarsa, wato inverse, da inv, saboda kishiyar matriks mai yawan sifili yawanci cike take maƙil, za ka koma gidan jiya.

Masu Mathematica, akwai ɓarawon RAM da ba ya nuna fuska. Duk sakamakon da ka fitar ana ajiye shi a Out, ko da ka rufe layin da alamar da ke hana shi bayyana a allo. Ka share sunan da Clear, amma tarihin yana riƙe da kayan. Sa $HistoryLength daidai da 0 a farkon aiki idan bayananka manya ne. A MATLAB kuwa, whos zai jero maka kowane suna da yawan bait ɗin da yake ci.

Yanzu hoto na biyu. RAM lafiya lau, faifai shiru, firosesa ya tsaya a kashi 12 ko 13 bai motsa ba. Danna dama a kan zanen, ka sa ya nuna kowane kan firosesa daban. Idan kawunan 8 ne, za ka tarar aikin kai ɗaya ne kawai ake yi, sauran suna zaune. Kashi 100 a raba 8, ga 12 ɗinka. A nan rubutunka ne ke tafiya layi bayan layi, kuma ƙarin kawuna ba zai taɓa shi ba.

Kada ka yi hasashen layin da ke jan lokaci, auna shi. A MATLAB rubuta profile on, gudanar da aikin, sannan profile viewer. A Python akwai cProfile. A Mathematica yi amfani da AbsoluteTiming, ba Timing ba, domin Timing lokacin firosesa yake ƙirgawa, ba na agogon bango ba. Kuma kada ka dogara da gwajin farko, lokacin ne manhajar ke loda kayan aikinta. Maimaita sau 3 ko 5, ko ka bar timeit ya yi maka. Kusan kullum za ka tarar layi ɗaya ko biyu ne suka cinye lokacin, kuma ba waɗanda kake zargi ba.

Wanda aka fi kamawa shi ne jerin da ake ƙara wa tsawo a cikin madauki. A NumPy, duk lokacin da ka kira np.append, ana neman sabon wuri, a kwafe tsohon jerin gaba ɗaya, a ɗora lamba ɗaya. Yi haka sau 100,000, ka kwafe lambobi kusan biliyan 5, wato gigabait 40 na jigila, a kan jerin da bai kai megabait 1 ba. Maganin layi ɗaya ne: ware wurin tun farko da zeros, ka riƙa cikewa. Editan MATLAB ma yana ja maka layi a ƙarƙashin irin wannan wurin yana gargaɗi, mutane ne ke wucewa ba su karanta ba.

Akwai kuma hanyar da kake bi cikin matriks. MATLAB da Octave suna jera lambobi a RAM ginshiƙi bayan ginshiƙi, NumPy kuwa layi bayan layi. Firosesa ba ya ɗauko lamba ɗaya tak, yana ɗebo bait 64 a tashi ɗaya, lambobi 8 maƙwabtan juna. Ka bi yadda aka jera su, ka ci moriyar duka 8. Ka bi ta ɗaya gefen, ka ɗauki ɗaya ka zubar da 7. Mafi alheri ma, cire madaukin ka miƙa aikin dunƙule guda, A sau B, don ya faɗa hannun BLAS da LAPACK, ɗakunan lissafin da aka shafe shekaru ana gogewa, waɗanda ke sa duka kawunan aiki. A Python, np.show_config zai gaya maka wanda NumPy ɗinka ke jingine da shi, OpenBLAS ko MKL.

Mu koma kan inv, domin illarsa biyu ce. Warware A x daidai da b kai tsaye, da alamar karkatacciyar sanda a MATLAB ko solve a NumPy ko LinearSolve a Mathematica, yana cin kusan kashi ɗaya bisa uku na aikin fitar da kishiya, kuma amsarsa ta fi tsabta. Lambar kwamfuta tana riƙe da gurbi 15 zuwa 16 ne kawai. Shi ya sa 0.1 da 0.2 ke ba da 0.30000000000000004. Idan ka ga gargaɗin cewa matriks ya kusa zama marar kishiya, kada ka danne shi. Duba cond na A, lambar da ke nuna yadda ƙaramin kuskure ke kumbura a cikin amsar. Idan ya fito 1 mai sifili 10, ka yi asarar gurbi kusan 10, saura 5 ko 6 da za ka amince da su. Matriks ɗin Hilbert mai 12 sau 12, ɗan ƙarami da shi, ya isa ya cinye duka 16. Babu kwamfutar da za ka saya ta gyara wannan.

Manhajojin da ke lissafi da haruffa, Mathematica da Maple da Maxima da SymPy, nasu ciwon daban ne, kuma ya cancanci a tsaya a kansa. Su ba sa taƙaita lamba sai ka ce. Dubi wannan: fara da x ɗaya bisa uku, ka riƙa maimaita 4 sau x sau (1 ban da x). Zagaye na farko 8 bisa 9. Na biyu 32 bisa 81. Tsawon lambar ƙasa yana ninkuwa a kowane zagaye. A zagaye na 20 tana da gurbi kusan rabin miliyan, a na 30 fiye da miliyan 500. Layi ɗaya ne, ba kuskure a cikinsa, amma ya isa ya durƙusar da kwamfuta. Sa ɗigo bayan 1 ɗin, ko ka naɗe shi da umarnin N na Mathematica, sai ya koma lambar inji ya gama kafin ƙiftawar ido. Sai dai a wannan misalin musamman, kuskuren taƙaitawa yana ninkuwa a kowane zagaye, don haka bayan zagaye 50 da ɗoriya lambar injin ba ta da ma'ana. Idan kana son zagaye 200, ba N gurbi 150 tun farko. Yana da sauri, kuma amsar ta gaskiya ce.

Ɗan hakin da ka raina shi ke tsone maka ido. Mathematica tana matse jerin lambobi iri ɗaya wuri guda don sauri. Ka jefa 0 marar ɗigo cikin jerin lambobi masu ɗigo, matsin ya warware, RAM ta ƙaru, gudu ya ragu, kuma babu wani gargaɗi. PackedArrayQ da ke cikin Developer zai faɗa maka ko jerinka yana matse. Haka FullSimplify: yana gwada hanyoyi masu tarin yawa, yana iya kwana a kan dogon lissafi. Fara da Together, ko Factor, ko Simplify, ka gaya masa abin da ka sani da Assumptions, misali cewa x ya fi sifili, sannan ka sa masa TimeConstraint. Idan ya maƙale, Alt da ɗigo na katse shi. A MATLAB, Ctrl da C.

Wani maƙalewar kuma daga zaɓin hanyar warwarewa yake. Idan ode45, umarnin MATLAB na warware lissafin saurin canji, yana rarrafe alhali zanen amsar sumul yake ba gargada, wataƙila lissafin naka mai tauri ne, wato akwai abin da ke canzawa cikin sauri sosai a gefen abin da ke tafiya a hankali. Ɗauki saurin canjin y daidai da 1000 sau (cos t ban da y). Dole ode45 ya riƙe takunsa a kusan 0.003, in ba haka ba amsar ta tarwatse, don haka kaiwa t 1000 taku ne wajen 300,000. Sauya zuwa ode15s, ko Radau da BDF a solve_ivp na SciPy. Kalma ɗaya ka canza.

Hoto na uku: duka kawuna suna kashi 100, amma aikin ya fi na da jinkiri. Dubi saurin firosesa a Task Manager. Idan ya fara sama da gigahaz 4 sannan ya zube bayan 'yan mintuna, zafi ne. Firosesa na rage gudunsa da kansa idan ya doshi digiri 95 zuwa 100 don kada ya ƙone. Kashe kwamfutar, cire wuta, buɗe akwatin, hure ƙurar da ta toshe ƙarfen sanyaya, ka tabbata fankar na juyawa. Idan an yi shekaru ba a taɓa ba, man da ke tsakanin firosesa da ƙarfen ya bushe. Goge shi ka sa sabo, ɗigo ɗaya a tsakiya. Idan zafi lafiya, duba ko ka yi wa kawunan cunkoso. Ka buɗe ma'aikata 8 a Python, kowanne kuma NumPy ɗinsa ya buɗe zare 8, ga zare 64 suna ture juna a kan kawuna 8. Sa OMP_NUM_THREADS daidai da 1 kafin a loda NumPy.

To yaushe ne sayen kaya ke da amfani? Idan lissafin biro ya nuna aikin ya fi RAM ɗinka kuma matriks ɗin cikakke ne da gaske, ƙara RAM. Sa sanduna biyu iri ɗaya a ramukan da littafin allon uwa ya nuna, yawanci na 2 da na 4, don hanyoyin biyu su yi aiki tare. Ƙarin kawuna kuwa yana da iyaka, kamar yadda Gene Amdahl ya nuna tun 1967: idan kashi 20 na aikin dole ya tafi bi da bi, kawuna 8 za su ba ka ninki 3 da ɗan wani abu, kuma ko ka tara 1000 ba za ka wuce ninki 5 ba.

Katin hoto, wato GPU, ne ya fi yaudarar masu lissafi. Babbar lambar da aka buga a kwali ta lambobi masu bait 4 ce. Katunan GeForce RTX na jerin 30 da 40 suna lissafin lambobi masu bait 8 da kashi ɗaya bisa 64 na wancan saurin. Kafin ka saya, mai da bayananka zuwa single a MATLAB ko float32 a NumPy, ka gudanar a firosesar da kake da ita, ka kwatanta amsar da ta farko. Gurbi 7 kawai za ka samu. Idan sun ishe ka, kuma bayanan za su shiga RAM ɗin katin, zai yi maka aiki. Idan cond ɗinka ya kai miliyan, gurbi ɗaya ne zai rage maka, katin ba naka ba ne.