Jawabin Maraba ga Mai Girma Kwamishinan Muhalli na Jihar Sakkwato, Ranar da Ya Ziyarci Garin Kware

Bismillahir Rahmanir Rahim. Godiya ta tabbata ga Allah, tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa.

Mai girma Kwamishina, babban baƙonmu, mai girma Shugaban Ƙaramar Hukuma, Uban ƙasarmu, Allah ya ja zamaninsa, limamai da masu unguwanni, Sarkin Ruwa, Sarkin Noma da Arɗo, iyayenmu mata, da 'yan makarantar da suka jeru a rana tun hantsi: assalamu alaikum wa rahmatullah.

Ranka shi daɗe, barka da zuwa, barka da hanya. Ba sai mun tsaya jera ayyukanka ba, kowa a jihar nan ya san su, kuma wanda ya baro ofis mai sanyi ya zo ya zauna ƙarƙashin rumfar zana a wannan zafi ya riga ya nuna halinsa. Allah ya ƙara girma, Allah ya ja zamanin Sarkin Musulmi, ya taimaki mai girma Gwamna.

Al'ada ita ce a fara da tarihi a ƙare da koke. Kwamitinmu ya ce in saɓa wa al'adar, don kada a kira salla ko a kira ka a waya kafin mu iso wurin. Buƙatarmu guda ce babba: a turo ma'aikatan safiyo su auna hurumin da muka keɓe a bakin tafki, a kafa duwatsun iyaka, a ba mu takardar hukuma kafin damina ta sauka. Duk abin da zan faɗa daga nan hujja ce a kan wannan roƙo.

Kware tana kan hanyar Illela, tafiyar da ba ta kai rabin awa ba a mota daga birni. Amma ba jiya muka zama maƙwabtan Sakkwato ba. Tun da Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya kafa birnin a 1809, fadamun wannan yanki ne ke ciyar da shi. A ƙasar da ruwan sama ke yin wata huɗu ya ɗauke, zafin bazara kuma ya haura digiri 40, Allah ya ba mu tafkin da ke riƙe ruwa rani da damina. Tun zamanin Turawa ake noman rani da shi. Albasarmu da kifinmu sun daɗe suna shiga kasuwar birni. Bagaruwar dajinmu da ita majema ke jeme fatar jar akuyar Sakkwato, fatar da fatake suka riƙa ƙetare Sahara da ita har Turawa suka raɗa mata sunan fatar Maroko. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Mun saba da hakan, amma ba mu manta ba.

Dattawan da ke zaune a sahun gaba, waɗannan da ka gaisa da su yanzu, sun yi wayo sun tarar da gawo a kusan kowace gona, da kurna, magarya, aduwa, kanya, da goriba da giginya a gefen fadama. Sun tarar da gauraka na tafiya biyu-biyu a bakin ruwa, ɗinya da kirinjijiya na sauka garke-garke da sanyi, zabin daji da fakara na tashi daga cikin sabara idan mutum ya ratsa. Masunta na fito da giwan ruwa, bargi, ragon ruwa da kurungu. Yau yaron da aka haifa a garin nan ya kai aure bai taɓa ganin gauraka ba. Ko ungulu, wadda a da sai an kore ta daga mahauta, ta ɓace. Mun ji cewa tun 2015 masana suka sa ta cikin halittun da ke dab da ƙarewa a duniya. Mu ba mu buƙaci rahoto ba, mushen da ke kwana uku a bayan gari yana wari shi ya gaya mana.

Ba a rana ɗaya abin ya lalace ba. Farin 1973 da na 1984 sun kashe itatuwa masu yawa, wanda ya tsira kuma gatari ya bi shi, saboda yunwa ba ta san gobe ba. Madatsar Goronyo da aka kammala a 1984 ta kawo noman rani, mun gode, sai dai ruwan Rima ya daina bin tsohon lokacinsa, kifin da ke bin ambaliya ya shiga fadama ya yi ƙwai ya rasa hanya. Kacala ta samu ruwa tsayayye ta bazu, ta toshe magudanai, ta zama gidan jan baki mai cinye shinkafa. Sai ambaliyar 2010, wadda ta yanke hanyar Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, ta zo ta kwashe amfanin gona ta zaftare gaɓar da babu saiwar da za ta riƙe ta. A kan wannan duka, birni ya yi ta girma yana neman itacen girki, gawayi da yashin gini. Daga ina? Daga wurinmu.

Kada mu ɗora wa wasu laifi mu wanke kanmu. Mu ma mun sare, mun sayar. A cikinmu aka samu masu zuba gubar gamalin a ruwa, a cikinmu aka samu masu su da gidan sauron da aka raba don kare yara daga zazzaɓi, yana kwaso har ƙwan kifi.

Da muka ga ruwa na neman ƙare wa ɗan kada, sai muka zauna a ƙofar Uban ƙasa, manoma da masunta da makiyaya, muka yi yarjejeniya. Liman ya tunatar da mu hadisin da ke cewa duk Musulmin da ya dasa itace, mutum ko tsuntsu ko dabba ta ci daga gare shi, sadaka ce a gare shi. Aka keɓe hurumi a bakin tafki: ba sara, ba ƙona daji, ba farauta. Sarkin Ruwa ya rufe wani ɓangare na tafkin a lokacin da kifi ke ƙwai, ya hana guba da raga mai ƙananan idanu. Arɗo ya yarda shanu su bi burtali zuwa mashaya, mu kuma muka yarda ba wanda zai sake nome burtalin. Wannan sharaɗi na ƙarshe ya fi kowanne wuya, har yau muna fama da shi.

Mun yi kuskure da farko. Mun ɗauka dashe shi ne dogon yaro da itacen turare. Dogon yaro baƙo ne daga Indiya, ya ba mu inuwa, ba za mu yi masa butulci ba, amma ba ya ba da miyar kuka, ba ya ba da daddawa, ba ya jeme fata. An kuma taɓa kawo mana dashe cike da mota a ƙarshen damina, aka yi hotuna, aka tafi. Kafin a gama girbin gero duk sun bushe. Ba za mu ambaci suna ba, taron alheri muke yi.

Abin da ya yi mana aiki, daga 'yan'uwanmu na ƙasar Maraɗi muka koyo shi, suna ce masa sassaben zamani. Lokacin sharar gona, maimakon a sare duk tohon da ya fito daga tsohon kututture, sai a zaɓi biyu ko uku masu ƙarfi a bari, a datse sauran. Saiwar na nan a ƙasa da ranta tun zamanin kakanni, ba ta buƙatar ban ruwa, ba ta buƙatar kwangila. Gawo ya fi ba mu sha'awa: yana zubar da ganye da damina lokacin da gero ke son rana, ya yi kore shar da rani lokacin da dabba ke neman abinci, kuma geron da ke ƙarƙashinsa ya fi na fili kyau. Iyayenmu mata su suka riƙe wurin renon dashe. Su ke tara 'ya'yan kuka, tsamiya da ɗorawa, su jiƙa su a ruwan zafi don ɓawon ya yi laushi, su tsinto ƙwayar gawo daga cikin kashin awaki, wadda ta fi saurin tsira. Ruwan da suke bayarwa kuwa a kai suke ɗauko shi. Samari na shiga ruwa da lauje suna yankan kacala, ga matsattsaku, ga tsoron maciji, ba wanda ke biyan su ko sisi.

Kuma Allah bai tozarta mu ba. Shamuwa ta dawo ta yi sheƙa a tsamiyar bakin kasuwa. Da asuba ana jin kukan zabin daji a cikin hurumi. Mai amya ya sake ɗaura amyarsa. Yara sun ga damo sun zo da gudu suna tambayar sunansa.

To, ranka shi daɗe, a nan ne hankalinmu ya tashi. Tun da wurin ya yi kyau, idanu suka dawo kansa. Sau biyu muna wayar gari mu tarar da turaku an kakkafa a cikin hurumi, wasu mutane da ba mu sani ba sun zo da igiyar awo suna cewa an yanka fuloti, har an sayar. Muka ce ina takardarku, suka ce ina taku? Nan bakinmu ya mutu. Abin da muke da shi yarjejeniyar baki ce da shaidar dattawa, dattawan kuma kullum raguwa suke. Dokar filaye ta 1978 ta damƙa ƙasa a hannun Gwamna bisa amana, kai kuma kana da kunnen Gwamna. Motar rusau za ta share aikin shekarunmu tsakanin azahar da la'asar. Don Allah, don Annabi, a auna mana wurin nan.

Akwai ƙananan buƙatu, za mu faɗe su a gurguje. Rijiyar burtsatse mai aiki da hasken rana a wurin renon dashe, don matan nan su sauke tulu. Injin yankan kacala, ko da aro ne. Malamin daji guda da zai zauna tare da mu, saboda ɗan gari ba ya iya kama ɗan ƙanin babansa da gatari. Mun kuma san Sakkwato na cikin jihohi 11 da shirin Babbar Koriyar Ganuwa, na dasa itatuwa don tare hamada, ya shafa, wanda Tarayyar Afirka ta amince da shi a 2007, ga kuma shirin ACReSAL na farfaɗo da ƙasar da ta lalace, wanda Bankin Duniya ke tallafawa. A rubuta sunan Kware a ciki, ko a ƙasan takarda ne. Amma in aka ce mu zaɓi ɗaya cikin duka, mun riga mun zaɓa: duwatsun iyaka. Rijiya za ta iya jiran baɗi, mai igiyar awo ba zai jira ba.

Ga takardar kokenmu da zanen wurin, da sa hannun Uban ƙasa da dangwalen Sarkin Ruwa da Arɗo, yanzu zan miƙa maka hannu da hannu. Mata sun tanadi dashen gawo guda da za ka sa a ƙasa da hannunka mai albarka. Ramin da muka haƙa masa yana daidai inda baƙin nan suka kafa turkensu na farko, tafiyar minti biyar ce daga wannan rumfa, kuma mun share hanya.

Allah ya saka da alheri, ya mai da kai gida lafiya. Wassalamu alaikum wa rahmatullah.

Sakatare, a madadin kwamitin kula da hurumi da tafki.