Southdale: katafaren kantin da mai zanensa ya juya wa baya

Hadiza: Assalamu alaikum masu sauraro, barkanmu da sake haɗuwa. Yau ina tare da Yaya Nura da Auwal kamar kullum, kuma Amurka za mu leƙa, jihar Minesota, wata unguwa a bayan garin Miniyapolis da ake kira Edina. Akwai wani mol a can, wato katafaren rukunin shaguna, mai suna Southdale. Yaya Nura, kai ka dage sai mun yi shiri a kansa, toh bismilla.

Yaya Nura: Wa alaikumus salam. Eh ni na dage, saboda na zauna a garin nan shekara biyu lokacin karatu, kuma wallahi ranar farko da na shiga ban san ina tsaye a cikin tarihi ba, rigar sanyi kawai na je saye. Daga baya ne na gane ashe shi ne mol na farko a Amurka da aka rufe shi ruf da rufi guda, aka sa masa na'urar ɗumama da ta sanyaya. An buɗe shi ranar 8 ga Oktoba 1956.

Auwal: Wato kafin shi babu irin wannan kwata-kwata kenan Yaya?

Yaya Nura: Akwai rukunin shaguna a bayan gari, amma a buɗe suke, ka fito daga wannan shago ka taka waje ka shiga wancan. Toh a Minesota kuwa in hunturu ya kama, sanyi ne wanda numfashinka ma sai ka ga yana daskarewa a gashin baki, ƙanƙara ta rufe mota har sai ka tono ta da shebur, wa zai tsaya yawon shaguna a haka? Shi ya sa da aka ce ga waje an tsayar da yanayin ciki a kusan digiri 24 shekara zagaye, mutane suka yi ta tururuwa.

Hadiza: Ni mutumin da ya zana shi ne ya fi ɗaukar min hankali. Victor Gruen. Bayahude ne ɗan Ostiriya, an haife shi a Biyena a 1903, kuma a 1938 da Jamus ɗin Hitila ta haɗiye ƙasarsu ya gudu. Shi da bakinsa ya ce ya sauka Amurka da takardar karatun zanen gini, da dala takwas, kuma ba ya jin Turanci ko kaɗan.

Auwal: Dala takwas! Ikon Allah.

Hadiza: Wallahi kuwa. Ya fara da zana fuskar ƙananan shaguna a Nuyok, a hankali sunansa ya fito, har a 1954 ya yi wa kamfanin Hudson wani babban rukunin shaguna a bayan garin Ditroit mai suna Northland, shi wannan a buɗe yake. Tun kafin a buɗe wannan ma iyalan Dayton, masu babban kanti a tsakiyar Miniyapolis, suka ba shi aikin Southdale.

Auwal: Toh amma Anti Hadiza me ya kai su bayan gari tun farko? Mai kanti a tsakiyar birni ai shi ne a gaba.

Hadiza: Kwastomomin ne suka tashi. Bayan yaƙin duniya na biyu masu ɗan hali suka riƙa sayen gidaje a sababbin unguwanni, kowa da motarsa, birni ya zama wajen aiki kawai, ga cunkoso ga rashin wajen fakin. Kuma a shekarar 1956 ɗin nan ce gwamnatinsu ta sa hannu a dokar gina manyan titunan da suka haɗe jihohi. In kura ta bi hanya dole mai farauta ya bi sawu.

Yaya Nura: Amma ku lura, shi Gruen ba kasuwa ce kaɗai a ransa ba, kuma nan ne labarin yake taɓa ni. Mutum ne da ya taso a garin da ake fita da ƙafa, a zauna a shagon shan kofi a yi ta hira har yamma, ya zo ya tarar da unguwanni gida gida gida sai titi, babu dandali, babu inda maƙwabci zai haɗu da maƙwabci in ba a danja ba. Motoci kuwa ya tsane su. So yake ya gina wa mutanen nan tsakiyar gari. Shi ya sa a tsakiyar Southdale ya bar wani makeken fili, haske na sauka daga sama, da bishiyoyi, da ɗan tafkin kifaye, da dogon kejin tsuntsaye masu rai, da wajen cin abinci da kujeru a fili kamar a bakin titin Biyena. Har da aikin ƙarfe na wani masassaƙi Harry Bertoia mai kama da bishiyoyin zinare.

Auwal: Tsuntsaye a cikin kanti.

Yaya Nura: Masu rai, suna kuka kana ciniki, a waje kuma ƙanƙara na zuba. Shaguna 72 ne a hawa biyu, dala miliyan 20 aka kashe. Kuma dabarar da ta fi ba mutane mamaki ita ce ya sa manyan kantuna biyu masu gasa da juna, Dayton's da Donaldson's, a ƙarƙashin rufi ɗaya, wannan a wannan ɓangare wancan a can, in za ka kwatanta farashi dole ka ratsa ta gaban ƙananan shagunan duka. Hatta wajen fakin an yi shi tudu da kwari, wasu su shigo ta hawan sama wasu ta ƙasa, don kada masu shagon bene su zauna suna hamma. Motocin kaya kuma ta ramin ƙarƙashin ƙasa suke shiga, mai sayayya ba ya ganinsu.

Hadiza: Ka manta alamun dabbobi.

Yaya Nura: Af, haka ne. Fili ne na mota sama da dubu biyar, sai aka sa hoton dabba a kowane sashe don ka tuna inda ka ajiye taka.

Auwal: Toh ni fa a nan nake da ja. Kuna ta cewa mutumin nan ya tsani mota, amma ya gina abin da ba ka isa ka je ba sai da mota, ya kewaye shi da kwalta eka da eka, bangon waje ba taga ba komai, duk kyan yana ciki ya juya wa unguwa baya. Ni a ganina bai kamata a wanke shi tas ba. Kuma ai har wata dabara ake kira da sunansa, wadda mutum zai shiga sayen abu ɗaya, haske da ado su ruɗa shi ya manta abin da ya kawo shi ya fito da leda biyar.

Yaya Nura: Ban ƙi taka ba Auwal, ko a lokacin ma an soke shi, shahararren mai zanen gini Frank Lloyd Wright da ya je ya gani a shekarar da aka buɗe bai yaba ba sam. Amma a yi wa mutum adalci, abin da ya zana ba shi aka gina ba, rabi aka ɗauka. Filin eka 463 ne, kuma a takarda akwai gidajen bene na haya, akwai makarantu, wajen shaƙatawa, tafki, asibiti, duk a kewayen kantin yadda za ka fito daga gida ka taka da ƙafa. Ɓangaren asibiti ya samu daga baya. Sauran kuwa, da kantin ya buɗe ƙasar da ke kewaye ta yi tsada, sai aka yi ta yanka ta ana sayarwa, kowa ya gina abin da zai kawo masa kuɗi da wuri.

Hadiza: Ga kuma batun haraji da mutane ba su cika sani ba. A 1954 majalisar Amurka ta canza doka, ta ba mai sabon gini damar ya rubuta cewa gininsa ya rage daraja da yawa a shekarun farko, sai a zabge masa haraji. Kun ga kenan ko shagunan ba su yi wani ciniki ba, ginin kansa riba ne, ka gina a ƙasa mai arha a bayan gari, ka ci rangwamen, ka sayar, ka matsa gaba ka sake gina wani. Masu wannan lissafin ina ruwansu da kejin tsuntsaye? Suka kwafi akwatin da filin fakin suka bar sauran.

Auwal: Su kuma shagunan cikin birni suka mutu.

Hadiza: Da yawansu. Abin da ya ƙona masa rai kenan. Ya koma Biyena a ƙarshen shekarun 1960, sai ga shi a 1976 an buɗe wani ƙaton mol a kudancin garin nasu, abin da ya ƙirƙiro ya biyo shi har gida yana janye ciniki daga titunan da yake ƙauna. A 1978 ya yi jawabi a Landan ya ce shi fa ba ubansu ba ne, ba zai biya kuɗin ciyar da waɗannan shegun gine-ginen ba, kalmar da ya yi amfani da ita kenan. Shekara biyu bayan nan ya rasu, 1980.

Yaya Nura: Ni dai duk da haka akwai abin da na gani da idona da ya sa ba na iya cewa ya faɗi gaba ɗaya. In ka je da sassafe lokacin sanyi, kafin a ɗaga ƙofofin shaguna, za ka tarar da tsofaffi sun sa takalman motsa jiki suna zagaye ciki bibbiyu uku-uku, sun rataye manyan rigunansu a hannu, ba abin da suka zo saye, tafiya kawai da hira. Akwai wata tsohuwa da kullum sai ta ɗaga min hannu, ban san sunanta ba ba ta san nawa ba, amma a garin da nake baƙo ban san kowa ba wannan ɗaga hannun ya yi min rana ba kaɗan ba.

Auwal: Yanzu yana nan kuwa? Don na ji mol da yawa a Amurka sun zama kufai.

Yaya Nura: Yana nan da ransa, amma ya sha wuya. A 1992 aka buɗe Mall of America a Bloomington, tafiyar mintuna kaɗan a mota, ya ninka shi girma nesa ba kusa ba, sannan ga sayayya ta intanet. Sunan Dayton's ya ɓace, ya koma Marshall Field's a 2001, ya koma Macy's a 2006. Shi kamfanin Dayton ɗin dai shi ne ya haifi kantunan Target a 1962, ɗan ya girma har ya shafe sunan uban. Babban kantin JCPenney da ya shigo a 1972 ya rufe a 2017, aka rushe wajen aka gina katafaren wajen motsa jiki. Kuma a gefen filin fakin ɗin nan yanzu an gina gidajen bene na haya da otal, a ciki akwai ofishin ƙaramar hukuma inda ake sabunta lasin tuƙi.

Hadiza: Gidajen da ya zana tun farko kenan.

Auwal: Bayan shekara kusan sittin. Amma Yaya ba don sun tuna da shi suka yi ba fa, don kwaltar ta daina kawo kuɗi ne.

Yaya Nura: Ƙwarai, ban ce don Allah suka yi ba. Amma wanda ke zaune a benen nan yau zai sauko da ƙafarsa ya shiga, ba sai ya tada mota ba.

Auwal: In ya tsallake filin fakin cikin ƙanƙara.

Yaya Nura: In ya tsallake, eh, wannan kam har yanzu yana nan.

Hadiza: Toh lokaci ya cimmana. Yaya Nura mun gode, Auwal mun gode, masu sauraro sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.