Wa aka taɓa ba takardar gobe a hannu?

Wannan lacca ce da wani malami ya yi wa matasa a Aboabo nan Kumasi, na ɗauka a waya na kwafo muku, gaishe-gaishen farko kawai na tsallake.

Iyayena da ƙannena, kukan da samari suka fi kawo min kwanan nan ɗaya ne, wai Malam ba mu san inda muka dosa ba, an gama makaranta ba aiki, an fara ɗan kasuwanci sidi ya faɗi, mutum na son aure yana tsoron ba zai iya riƙe gida ba. To ni ma in tambaye ku, yaushe aka taɓa sani?

Ku ɗauki Salaga, can arewacin Ghana. Fatake suna tasowa tun daga Kano da Katsina, tafiyar wata da watanni da jakuna, su kawo kanwa da tufafi su koma da goro, gari ne da ba wanda ya zaci zai girgiza. A 1892 rikicin sarauta ya ɓarke tsakanin Gonjawa, kasuwa ta watse, mutane suka fantsama, wasu Kete Krachi wasu Yeji wasu suka gangaro kudu. Alhaji Umaru, babban malamin nan da ya taso daga Kano, yana cikin waɗanda abin ya ritsa da su. Bai zauna yana jiran Salaga ta dawo ba, ya yada zango a Kete Krachi ya ci gaba da karantarwa da rubutu da Larabci da Hausa har ya rasu a 1934, kuma har yau ana cin moriyar karatunsa.

Sai 1969, dattawan da ke zaune a gaba sun fi ni sani. Gwamnatin Busia, firaministan Ghana na lokacin, ta ce duk baƙon da ba shi da takarda ya bar ƙasa cikin sati biyu. Sati biyu fa! Mutum an haife shi a nan, bai san hanyar garin kakansa ba, ya sayar da gida da shago a wulaƙance ya hau mota. Ba a jima ba a 1983 Najeriya ta koro 'yan Ghana wajen miliyan ɗaya, waɗanda suka je can cin arziƙin man fetur. A 2007 kuma aka canza kuɗi, mai miliyan ya wayi gari da sidi ɗari a aljihu (jama'a suka yi dariya), ƙimar dai ba ta canza ba amma sunan miloniya ya tafi. Na ƙarshen 2022 kuwa kun gani da idonku, tsadar kaya ta haura kashi 50 cikin ɗari, farashin safe daban na yamma daban.

Abin da ke damuna ba rashin tabbas ɗin ba ne, wannan haka Allah Ya yi duniyar, Ya faɗa a ƙarshen Suratu Luƙman cewa babu rai da ya san abin da zai samu gobe, babu wanda ya san ƙasar da zai mutu. Damuwata ita ce ƙishirwar tabbas da ke kai mu hannun 'yan damfara. Mai duba ya zana ƙasa ya ce maka nan da wata uku za ka yi kuɗi, shi kuma yana zaune a ɗakin haya rufin na yoyo. Yaro ya kwana yana buga caca a waya, wai ya samu tabbacin ƙungiyar da za ta ci. Wani ya zo ya ce zuba kuɗinka duk wata riba kaza ba fashi, ku kuwa ku kwashi jarin uwar gida ku kai masa. Duk wanda ya sayar maka da gobe wallahi abin da ba shi da shi ya sayar maka.

Kuma kar wani ya ce to shi ke nan mu naɗe hannu. Mutumin da ya tambayi Annabi, sallallahu alaihi wa sallam, in ɗaure raƙumata ko in sake ta in dogara, ce masa aka yi ɗaure ta sannan ka dogara.

Akwai wata baiwar Allah mai koko a layinmu, ina ganinta in zan fita asuba. Tun dare ta jiƙa gero, kafin kiran farko ta hura wuta, ta tace gasara, ƙosai na cikin mai. Ba ta san ko ruwan sama zai kore mata masu saye ba, ba ta san nawa za ta tarar da mai a kasuwa ba, amma kullum sai mai susu, wato mai karɓar adashi, ya zo ta miƙa masa nata ya sa alama a kati. Da wannan tukunyar ta biya wa 'ya'yanta makaranta, kuma almajirin da ya tsaya ba ya tafiya hannu banza. Ban taɓa jin ta ce rayuwarta ba ta da amfani ba, don akwai bakunan da ke jiranta. Ku masu cewa ba ku ga ma'anar rayuwa ba, ku duba dai, wa ke jiranku? Tsohuwarka da ba ta da katin inshorar lafiya, ƙanenka da ya daina zuwa makarantar allo ba wanda ya bi sawu, kwatar ƙofar gidanku da ta toshe tun damina, duk wannan aiki ne da ba sai ka san gobe za ka fara shi ba.

Saura maganar masu bin Agadas su shiga Libiya su hau kwalekwale, suna cewa ai tawakkali ne. Ni ban yarda ba, mai jefa kansa a teku cikin jirgin roba bai ɗaure komai ba. In tafiya ce ka nemi takarda, ka koyi sana'ar hannu kafin ka tashi, walda ko ɗinki ko gyaran waya, ka kuma shawarci iyayenka ba dillali ba. Na ga ladan ya miƙe, masu tambaya ku riƙe sai an idar da magariba, mata ku rubuto naku a takarda a miƙo.