Mai Dokar Barci Ya Ɓige da Gyangyaɗi: Abin da Kullen Korona Ya Nuna Mana a Kaduna

An rubuto wannan lacca daga faifan da aka naɗa a wani taron unguwa a cikin garin Kaduna. An taƙaita gaishe-gaishen farko.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Iyayena maza da mata, malamanmu, masu unguwanni, 'yan'uwanmu Kirista da ke zaune tare da mu, da ku matasa da kuka cika bayan ɗakin nan, ina yi muku barka da yamma.

Na shafe shekaru ina aikin kiwon lafiya a matakin farko, kuma lokacin kullen korona ina cikin waɗanda suka riƙa zagaya unguwanni da lasifika muna roƙon jama'a su zauna a gida. Saboda haka abin da zan faɗa yau, wani na karanta, wani kuma da idona na gani.

Kowa a nan ya tuna yadda abin ya faro. A ƙarshen Fabrairun 2020 aka tabbatar da mutum na farko mai ɗauke da cutar a Legas. Kafin wata guda ya cika, ranar 26 ga Maris, Kaduna ta shiga kulle na ba shiga ba fita, tun ma kafin Shugaba Buhari ya rufe Legas da Ogun da Abuja. Ranar 28 ga Maris gwamnan lokacin, Malam Nasir El-Rufai, ya fito da kansa ya ce an gwada shi yana ɗauke da cutar, ya killace kansa, mataimakiyarsa Dakta Hadiza Balarabe ta ci gaba da jan ragamar yaƙin. Aka rufe masallatai da coci-coci. Aka rufe Kasuwar Sheikh Abubakar Gumi. Ista ta zo ta wuce ba taro, azumi ya kama ba tafsiri ba tarawihi a jam'i, aka yi ƙaramar Sallah ba a je Idi ba. Kwana biyu a mako ake ba mu mu fita mu yi cefane, a kasuwannin wucin gadi da aka buɗe a filayen makarantu. Haka muka yi wajen kwana 75, sai a watan Yuni aka sassauta.

To ku tsaya mu yi lissafi na gaskiya. 'Yan sanda nawa ne a Kaduna? Ko a haɗa da soja da sauran jami'an tsaro, za su iya tsare kowane lungu na Rigasa? Za su iya tsayawa a ƙofar kowane gida a Tudun Wada, Kawo, Unguwar Rimi, Sabon Tasha, Kakuri? Ba za su iya ba. Idan ka ga titi fayau a kwanakin farko, ba bindiga ce ta share shi ba. Mutane ne suka yarda. Sun yarda cutar gaskiya ce, sun kuma yarda cewa wahalar nan ta kowa ce, babba da yaro. A kan waɗannan biyu dokar kulle take tsaye. Ka zare ɗaya, ta karkace. Ka zare duka biyun, ta faɗi, ko da shinge nawa aka kafa.

Kuma da farko an samu yardar. Jin cewa gwamna da kansa ya kamu ya girgiza mutane. Na ga dattawan da ko takunkumin fuska ba sa son gani sun fara tambayar inda ake samunsa.

Sai ranar 17 ga Afrilu Allah ya yi wa Malam Abba Kyari rasuwa, shugaban ma'aikatan fadar shugaban ƙasa, sanadin wannan cuta. Allah ya jiƙansa, ya gafarta masa. Washegari aka yi jana'izarsa a maƙabartar Gudu a Abuja, kuma duk ƙasar nan ta ga hotunan: manyan jami'ai kafaɗa da kafaɗa, ba tazara, a garin da ke cikin kulle. An ma ɗauki hoton wani daga cikin masu aikin binnewa ya tuɓe rigar kariya ya yar a gefen hanya. Daga baya Sakataren Gwamnatin Tarayya, Boss Mustapha, wanda shi ne shugaban kwamitin yaƙi da annobar, ya fito ya ba da haƙuri. Ban raina ba da haƙurin ba. Amma ku tuna, mako biyu kafin nan kotu a Legas ta ci tarar 'yar fim Funke Akindele naira dubu 100, da aikin hidimar jama'a na kwana 14, saboda ta tara mutane a gidanta bikin ranar haihuwar mijinta. A nan Kaduna an kama limamai saboda sun ja sallar jam'i. Talaka kuwa kullum yana gaban kotun tafi-da-gidanka. Wancan tara, wannan kamu, su kuma can haƙuri kawai.

Kwanaki kaɗan bayan jana'izar muka shiga wata unguwa da lasifika. Akwai wani dattijo mai faci, yana zaune a kan tsohuwar taya a ƙofar gidansa, injin ba da iskarsa a rufe da buhu, ƙura ta hau. Ya yafuto ni da hannu. Na je na durƙusa na gaishe shi.

Ya ce, "Ɗana, tsakaninka da Allah, akwai cutar nan?"

Na ce, "Baba, wallahi akwai. Tana kisa."

Sai ya kira jikansa ya ce ya nuna mini abin da ke cikin waya. Hotunan jana'izar ne. Ya ce, "Waɗannan su suka fi ni sani, su ke da likitoci. In tana kisa, me ya sa ba sa gudunta? Ni ƙanena ya rasu makon jiya, an hana mu zaman makoki, mu kaɗan muka kai shi. Shi ba mutum ba ne?"

Jama'a, na yi shiru. Ina da bayanin yadda cutar ke yaɗuwa ta numfashi, ina da bayanin wanke hannu, amma ba ni da amsar wannan tambaya. Gani ya kori ji. Wata guda muna magana, hoto ɗaya ya rushe ta.

Ku lura da abin da Baba ya fahimta, domin abu biyu ne, ba ɗaya ba. Na farko, ya ɗauka cutar ba ta kai yadda ake faɗa ba, tunda masu sani ba sa tsoronta. Na biyu, ya ɗauka dokar ta 'yan bora ce, shafaffu da mai ba ta hau kansu ba. Na farkon yana kashe tsoro, na biyun yana haifar da fushi. Kuma fushin ya fi daɗewa. Mutum zai iya jure yunwa idan ya ga kowa na jurewa. Abin da ba ya iya haɗiyewa shi ne a mayar da shi wawa.

Na sake ganin irin wannan a wani shingen bincike. An tare wani yaro mai Keke, ya ɗauko buhun tattasai, an sace masa iskar taya, an sa shi zama a ƙasa cikin rana. Muna tsaye sai ga motoci masu baƙin gilashi da jiniya. Aka janye shinge da sauri, har da sarawa. Ina so in yi adalci: mai yiwuwa aikin gwamnati ne ya fito da su, domin akwai waɗanda doka ta yarda su fita. Amma ba wanda ya tambaye su, ba wanda ya leƙa motar, kuma duk wanda ke wurin ya ga ba a tambaya ba. Yaron bai ce uffan ba. Kallon da ya bi motocin da shi har yau yana idona.

Haka batun kan iyaka. An hana shige da fice tsakanin jihohi, amma kowa ya san mota na tasowa daga Kano ta iso Kaduna, a kowane shinge a miƙa na goro a wuce. Har gwamna ya fito da kansa ya tsaya a hanyar Kano yana mayar da motoci. Wanda aka ba amanar tsare doka idan ya mayar da ita hanyar samu, ya koya wa jama'a cewa dokar tana da farashi.

Kada ku ce halin Najeriya ne kawai. A Ingila, babban mai ba firaminista shawara, Dominic Cummings, ya tuƙa mota sama da kilomita 400 daga Landan zuwa Durham ana tsakiyar kulle, kuma da abin ya fito a Mayun 2020 firaminista Boris Johnson ya kare shi. Masu bincike na wata jami'a a Landan, waɗanda ke bibiyar ra'ayin mutum sama da dubu 40, sun wallafa a mujallar likitanci ta Lancet cewa amincewa da gwamnati kan annobar ta faɗi warwas a Ingila a daidai kwanakin, alhali a Sikotilan da Wales, inda gwamnatocinsu daban ne, ba a ga irin wannan faɗuwar ba. Daga baya aka gano shagulgulan da aka riƙa yi a fadar firaministan, har da daren jajibirin ranar da Sarauniya Elizabeth ta zauna ita kaɗai a coci wajen jana'izar mijinta, a Afrilun 2021. 'Yan sanda sun ci tarar Johnson ɗin kansa a 2022, kuma abin yana cikin dalilan da suka kai shi ƙasa.

Misalin da ya fi burge ni daga nahiyarmu yake. A Afirka ta Kudu, a Afrilun 2020, hoton ministar sadarwa, Stella Ndabeni-Abrahams, ya fito tana cin abinci a gidan wani abokinta ana kulle. Shugaba Ramaphosa ya dakatar da ita wata biyu, ɗaya ba albashi, ya sa ta fito ta nemi gafarar jama'a, kuma ta biya tara. Babba zai iya kuskure, ɗan Adam ne. Abin da jama'a ke jira su gani shi ne me zai biyo baya.

Mu kuwa ba sai mun je Landan neman wannan darasi ba. Malamai na nan, su gyara mini in na yi kuskure. Lokacin da wata mata daga babban gida na Banu Makhzum ta yi sata, aka nemi a yi mata alfarma, Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya bayyana cewa abin da ya halaka mutanen da shi ne idan mai daraja ya yi sata sai su ƙyale shi, idan mai rauni ya yi sai su tsayar masa da haddi. Sayyidina Umar a shekarar fari da yunwa ya haramta wa kansa man shanu da nama har sai talakawa sun samu, ya daure da man zaitun har launin jikinsa ya sauya. Shi ne kuma ya juya da tawagarsa daga hanyar Sham da ya ji annoba ta ɓarke a can. Dokar da ya ɗora wa mutane, kansa ya fara ɗora wa.

Yanzu bari in juyo kanmu, don kada a ce na zo zagin manya ne kawai. Idan ɓera da sata, daddawa ma da wari. Da yawanmu mun riƙe kuskuren manya a matsayin hujja, muka ce ai “cutar masu kuɗi ce”, muka koma ɗaurin aure a ɓoye da cinkoso a lungu. Cutar ba ta san wanda ya fara karya doka ba. Mun ga yadda dattawa suka riƙa faɗuwa a Kano a Afrilu da Mayun 2020, malamai da sarakai da 'yan kasuwa, masu haƙar kabari suna kokawa da yawan aiki. Idan wani babba ya taka doka ni ma na taka don in huce haushi, ba shi zan kai wa cutar ba. Tsohuwata mai ciwon suga zan kai wa.

Amma fa ba na yarda a daidaita laifin biyu. Mai facin nan hannu baka hannu ƙwarya yake. In bai fita ba, ba a ɗora tukunya. Shi fitarsa yunwa ce, wancan fitarsa ganin dama ce. Kuma an yi wa talaka alkawarin tallafi, mafi yawa ba su gani ba. Sai a Oktoban 2020 aka fasa rumbunan ajiya a jihohi da dama, har da nan Barnawa, mutane suka ga buhuna da kwalaye jibge. Hukumomi sun yi bayani cewa kayan na jiran rabo ne. Ko da bayanin gaskiya ne, ya zo wa mutanen da suka riga suka daina sauraro. Ga kuma rahoton Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan Adam ta Ƙasa, wadda ta ce a makonni biyun farko na kullen jami'an tsaro sun kashe mutum 18 a ƙasar nan, adadin da a lokacin ya zarce waɗanda cutar ta kashe, kuma mafi yawansu a jihar Kaduna ne. Wannan ciwo ya hau kan tsohon miki. Arewa ba ta manta gwajin maganin sanƙarau da aka yi wa yara a Kano a 1996 ba, wanda ya taimaka wajen ƙauracewa rigakafin shan-inna a 2003.

Annoba za ta sake zuwa, ko ba korona ba. Kwalara da sanƙarau da zazzaɓin Lassa ba su bar mu ba. Abin da nake roƙo, kuma ina so masu unguwanni su kai maganar sama, shi ne duk ranar da za a sake rubuta irin wannan doka, a sa hukuncin mai riƙe da muƙami a sahun farko, ya fi na talaka tsanani, a kuma bayyana sunan wanda ya karya a rediyo kamar yadda ake bayyana na kowa. Abinci ya riga shinge isa unguwa. A zauna da limamai da fastoci da shugabannin kasuwa kafin a sanar, ba bayan an sanar ba.

Na koma wurin Baba mai faci a 2021, bayan allurar rigakafi ta iso ƙasar nan a watan Maris. Na ce masa ai Shugaba Buhari da mataimakinsa an yi musu a gaban talabijin. Ya ce, "Ɗana, wa ya ga abin da ke cikin kwalbar tasu?" Ya ƙi. Sai da mai unguwarsu ya zo ya zauna a benci, ya naɗe hannun riga, aka zuƙo daga kwalba aka yi masa. Baba ya matso ya ce ma'aikaciyar ta nuna masa kwalbar. Ya duba ta da kyau, ya ce a zuƙo masa daga wannan ɗin, kada a buɗe sabuwa.

Na ga Magariba ta gabato. Akwai hannu a can wajen mata tun ɗazu. Hajiya, bismillah, a miƙa mata abin magana.