Jawabin Maraba ga Mai Martaba Sarki a Bikin Buɗe Baje Kolin Hotunan 'Yan Gudun Hijirar Burma

Da sunan Allah Mai rahama, Mai jinƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa.

Mai Martaba Sarki, Allah ya ja zamaninka, ya ƙara maka lafiya da nisan kwana. Hakimai da 'yan majalisar Sarki, malamanmu, iyayenmu mata, 'yan jarida da ɗalibai, assalamu alaikum wa rahmatullah.

A madadin ƙungiyarmu ta masu ɗaukar hoto da 'yan jarida, ina yi wa Mai Martaba barka da zuwa, tare da godiya bisa yadda ya jingine hidimomin fada ya tako da ƙafarsa domin buɗe wannan baje koli na hotunan 'yan gudun hijirar ƙasar Burma, wadda a yau ake kira Myanmar. Zuwan Sarki ya ɗaga darajar taron, kuma ya sa al'amarin waɗannan bayin Allah zai shiga kunnuwan da muryarmu ba ta isa ta kai ba.

Ranka ya daɗe, tsakaninmu da Burma akwai tsohon zumunci wanda matasanmu da yawa ba su san da shi ba. A Yaƙin Duniya na Biyu, cikin 1944 da 1945, dubban kakanninmu sun yi yaƙi a can ƙarƙashin runduna ta 81 da ta 82 ta Afirka ta Yamma, kuma Hausa ce harshen barikin a lokacin. Dazuzzukan Arakan da kwarin kogin Kaladan suka ratsa, shi ya sa har gobe muke da barikin Dalet a Kaduna, da na Chindit a Zariya, da na Arakan da Myohaung a Legas. Wannan Arakan ita ce jihar Rakhine, mahaifar Rohingya, wata al'umma marar rinjaye a ƙasar wadda galibinta Musulmi ne. Tarihi ya adana labarin Isaac Fadoyebo, sojan Nijeriya da aka raunata a 1944, wanda Musulmin wani ƙauye na yankin suka ɓoye shi wata da watanni suna ciyar da shi, alhali sun san idan sojan Japan suka gano, a bakin ransu. Jikokin irin waɗannan mutane ne Sarki zai gani a jikin bangon nan.

Dokar zama ɗan ƙasa ta 1982 ta bar Rohingya ba su da ƙasa a cikin ƙasar da aka haife su. Daga ranar 25 ga Agustan 2017, bayan harin da wasu 'yan bindiga suka kai wa ofisoshin 'yan sanda, sojoji suka far wa ƙauyukansu, mutum fiye da 700,000 suka tsere zuwa Bangaladesh, wasu ta kogin Naf, wasu a ƙafa ta cikin tsaunuka da gonakin shinkafa. Hukumomi suka rufe yankin, suka hana 'yan jarida da masu bincike shiga, suka musanta abin da masu gudun ke faɗa, har aka riƙa cewa su ne suka cinna wa gidajensu wuta. A nan ne fasaha ta yi rana. Ƙungiyar kare haƙƙin ɗan'adam ta Human Rights Watch ta bi hotunan tauraron ɗan'adam ɗaya bayan ɗaya, kafin ƙarshen shekarar ta ƙirga ƙauyuka 354 da aka ƙone, wasu ƙurmus, wasu wani sashe. Hotuna biyu na farko da Sarki zai tsaya a gabansu irin waɗannan ne. A na dama ana ganin rufin gidaje a jere cikin inuwar itatuwa, da 'yan hanyoyi masu gangarawa rafi. A na hagu, wuri ɗaya ne bayan 'yan makonni, babu abin da ya rage sai tabon toka a gurbin kowane gida, amma ƙauyen maƙwabta da ba na Rohingya ba yana nan lafiya lau, ko rufi ɗaya bai taɓu ba. Wuta ba ta tambayar ƙabila, sai idan da hannun mutum.

Akwai kuma hoto guda da nake roƙon Mai Martaba ya ɗan dakata a kansa. Maza goma ne na ƙauyen Inn Din, a durƙushe a kan ciyawa, hannuwansu a baya, masu makamai na tsaye a bayansu. An kashe su ranar 2 ga Satumban 2017, aka binne su a rami ɗaya. Wakilan kamfanin dillancin labarai na Reuters biyu, Wa Lone da Kyaw Soe Oo, su suka bi diddigin lamarin har hoton ya zo hannunsu, kuma dukansu ba Rohingya ba ne, ba Musulmi ba ne. An kama su a Disamban 2017, aka yanke musu ɗaurin shekara 7, suka shafe kwana fiye da 500 a kurkuku kafin a sake su a Mayun 2019. Sojoji bakwai da aka ɗaure kan kisan kuwa ba su cika shekara guda a tsare ba. Abin da ciwo ƙwarai, Allah ya taimaki Sarki, a ce wanda ya tona asirin kisa ya fi wanda ya yi kisan daɗewa a gidan yari. Wannan sana'a tamu ta daɗe tana cin masu ita a ƙasar: an harbe ɗan jaridar Japan Kenji Nagai a titin Yangon a Satumban 2007 da kyamararsa a hannu, kuma bayan juyin mulkin 1 ga Fabrairun 2021 an yanke wa mai ɗaukar hoto Sai Zaw Thaike ɗaurin shekara 20 a 2023 saboda ya je ɗauko ɓarnar guguwar Mocha.

Wahalar tasu ba ta faɗi ƙasa banza ba. Ƙasar Gambiya, 'yar'uwarmu a Afirka ta Yamma, ita ta kai Myanmar ƙara Kotun Duniya a Nuwamban 2019 bisa tuhumar kisan ƙare dangi, ƙarƙashin jagorancin ministanta na shari'a Abubacarr Tambadou, kuma a Janairun 2020 kotun ta umarci Myanmar ta kare Rohingya, ta kuma adana hujjoji. Alƙali ba ya hukunci da jita-jita, sai da shaidar da aka san wanda ya ɗauke ta da rana da wurin da aka ɗauke ta.

Sai dai fasahar nan da ta tona asiri ita ce kuma ta hura wutar. Masu binciken Majalisar Ɗinkin Duniya sun bayyana a 2018 cewa Facebook ya zama dandalin yaɗa ƙiyayya ga Rohingya, kamfanin da kansa ya amsa cewa bai yi abin da ya kamata ba. A 2021 an yi ƙorafin cewa bayanan rajistar 'yan gudun hijirar, har da hotunan fuskokinsu, sun kai hannun gwamnatin da suka gudo wa ba tare da an fahimtar da su sosai ba. Mu ma nan gida da namu laifin. Wayoyinmu sun sha yawo da hoton limaman addinin Buddha tsaye a kan gawawwaki da sunan kisan Musulmin Burma, alhali hoton masu aikin ceto ne bayan girgizar ƙasar da aka yi a yankin 'yan Tibet na ƙasar Sin a 2010. Mai tura irin wannan yana zaton taimako yake yi, nan kuwa azzalumi yake miƙa wa hujjar cewa duk labarin ƙarya ne.

Ɓangaren da ya fi soyuwa a gare mu shi ne na ƙarshen zauren, inda 'yan gudun hijirar suka riƙe kyamara da hannunsu. A sansanonin Cox's Bazar da ke Bangaladesh, musamman Kutupalong, fiye da mutum miliyan ɗaya ke zaune cikin rumfunan gora da tamfol, kuma matasansu da wayar hannu kaɗai suka ɗauki gobarar Maris ta 2021 da ambaliyar damina tun kafin baƙi su iso. Haka suka ci gaba da aiki duk da an taƙaita musu intanet daga Satumban 2019 har kusan shekara guda. A 2023 hukumar kula da 'yan gudun hijira ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta ba huɗu daga cikinsu lambar yabo ta Nansen ta yankin Asiya, ciki har da Sahat Zia Hero, wanda ya kafa mujallar hotuna ta Rohingyatographer. Baƙo yakan ɗauki hawaye da layin karɓar abinci ya kama hanya. Ɗan gida kuwa yakan nuna tsoho yana tsaga gora zai gyara danga, da yarinya ta shafa kwalliyar salla, da yara a gaban malami, domin shi ya san mutanen nan suna da sunaye da sana'o'i da mutunci. A iyakar Tailan ma, inda sansanin Mae La yake tun 1984, 'yan ƙabilar Karen, Kiristoci da mabiya Buddha, sun daɗe suna koya wa mutanen ƙauyukansu ɗaukar hoto da rubuta shaidar abin da sojoji suka yi musu. Zaluncin bai tsaya kan addini ɗaya ba, don haka baje kolin nan ma bai tsaya ba.

Ranka ya daɗe, muna da roƙo. Muna fatan Mai Martaba ya sa baki a duk majalisar da ya zauna, ta sarakuna ko ta malamai, kada a manta da waɗannan mutane yanzu da hankalin duniya ya karkata wasu wurare, har aka taɓa rage kuɗin abincin kowane ɗan Rohingya a sansanonin Bangaladesh daga dala 12 zuwa dala 8 a wata cikin 2023. Muna kuma neman albarkar Sarki ga horon da muke shirya wa matasanmu, maza da mata, kan yadda ake tantance hoto kafin a tura shi, da neman izinin mutum kafin a ɗauke shi, da rufe fuskar wanda bayyanarsa za ta jefa shi cikin haɗari. Idan fada ta umarci hakimai da dagatai su turo mana yaransu, mun ɗauki alkawarin koyar da su kyauta.

Yanzu, cikin girmamawa, ina gayyatar Mai Martaba ya yanke ƙyallen buɗe wannan baje koli, sannan mu zagaya da shi zauren. Allah ya ƙara wa Sarki lafiya, ya mayar da shi fada lafiya tare da tawagarsa. Wassalamu alaikum wa rahmatullah.