Garin da Girkawa suka kafa, sarakuna suka yi ta rububinsa

To jama'a, wannan Istanbul ɗin da 'yan kasuwarmu ke zuwa saro kaya, wanda dattawa ke cewa Santambul, asalinsa ba Turkawa suka kafa shi ba fa. Girkawa ne daga garin Megara, wajen shekara ta 657 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), sunansa lokacin Bizantiyom.

Abun dariyar, akwai 'yan uwansu da suka riga su zuwa amma suka sauka a tsallaken ruwa, a Kalsidon. Wani kwamandan Farisa mai suna Megabazus da ya ji labari sai yace ai waɗancan makafi ne. Kuma yana da gaskiya wallahi, ku dubi Bizantiyom a taswira: ruwa ta gefe uku, ga mashigin Bosforus ɗan siriri, duk jirgin da ya ɗauko alkama daga Bahar Aswad dole ta ƙofar gidansu zai wuce su karɓi haraji, ga kifi kamar banza.

Sai dai sun taɓa yin kuskuren ɗan takara. A rikicin sarautar Rum suka bi wanda ya faɗi, sarki Septimius Severus ya zo ya rushe musu ganuwa a 196 miladiyya, daga baya shi da kansa ya sake gina garin don wajen ba na yarwa bane.

Wanda ya canza komai shine sarkin Rum Konstantin. Ya gama da abokin hamayyarsa Licinius a 324, ranar 11 ga Mayu 330 ya buɗe garin a matsayin sabuwar fadarsa, aka koma kiransa Kustantiniyya. An ƙara katafariyar ganuwa a 413, sarki Justiniyan ya gama babbar cocin Hagia Sofiya a 537.

Ganuwar nan ta yi shekara dubu tana korar mahara, ko 'yan Salibiyya da suka wawashe garin a 1204 ta bakin ruwa suka shiga. Sai 1453, Muhammad Al-Fatih na Daular Usmaniyya, ta Turkiyya fa ba ta Shehu ba, ya kewaye garin yana ɗan shekara 21. Mutanen gari sun tare bakin tashar jiragensu da ƙatuwar sarƙa, shi kuwa sai yasa aka shimfiɗa gumagumai aka shafe su da kitse aka ja jirage ta kan tudu, gari na wayewa sai ga su a bayan sarƙar. Ranar 29 ga Mayu garin ya faɗi, bayan kwana 53 a kewaye.

Fada ta zauna nan har 1923 da aka mayar da babban birni Ankara.